Yadda Ake Shigo da Karin Magana Cikin Ingilishi Ba Tare da Ka Ɓata wa Dattijo Rai Ba

Tun da aka sa hannu a kan sabon kundin ƙasarmu Nijar a watan Maris na 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ajin Ingilishi da nake koyarwa bayan isha'i a zaurenmu na unguwar Zariya a Maradi ya cika har wasu na zama a dakali. Da can mutum bakwai ne ko takwas, yawanci yaran Alhazai masu zuwa Kano sarin kaya. Yanzu akwai 'yan jami'a, akwai malaman asibiti biyu, akwai wani mai sayar da kayan babur da ya girme ni nesa ba kusa ba, amma shi ne farkon zuwa da kayensa da bik a aljihu.

Kuma duk wanda bakinsa ya fara buɗewa, tambaya ɗaya yake kawo mini, ni da suke kira Mushe, wato malam: "Mushe, yaya zan ce 'Hausawa sun ce' da Ingilishi?" Ba abin mamaki ba ne. Bahaushe ba ya ciniki, ba ya sulhu, ba ya neman aure sai ya jefa karin magana. In ka hana shi, ka ba shi tuwo ne babu miya. Amsar ba ta da wuya, sai dai akwai rami a gefenta, kuma ni da kaina na taɓa faɗawa ciki, don haka bari in fara da ramin.

Shekara goma sha biyu ke nan ko fiye, ina sabon gama karatu, kawuna ya haɗa ni da wani Alhaji mai harkar aya in riƙa yi masa tafinta in baƙi sun zo daga kudancin Najeriya. Wata Litinin, ranar kasuwa, sai ga wani dattijo Bayarabe daga Legas, kansa fari fat, tabarau rataye a wuya da igiya, Ingilishinsa irin na waɗanda suka yi makaranta tun Turawa na nan. Muna zaune kan benci a bakin sito, an kwance bakin buhu ɗaya, yana ɗiba yana taunawa yana tofar da tuƙar a tafin hannunsa yana dubawa. Ya taya, Alhaji ya ce albarka. Ya ƙara, Alhaji ya ce albarka. Dalili kuwa, Alhaji na sa ran wani mai saye bayan sati biyu da farashin da ya fi wannan tsoka, kuma bai ɓoye ba. Sai dattijon ya dafa jakarsa ta kuɗi, ya yi murmushi ya ce: "As the saying goes, a bird in the hand is worth two in the bush." Wato tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji. Tamu ce sak: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ni kuwa a satin nan na tsinci wani lafazi a ɗan ƙamus ɗina, "old chestnut", an fassara shi da tsohuwar magana da kowa ya saba ji. Na ɗauka yabo ne, tunda da tsohuwar zuma ake magani. Ga rawar kan ƙuruciya, ga son a san na iya. Na washe baki na ce: "Ah, that old chestnut, sir!"

Dattijo ya daina tauna. Ya sa tabaransa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "So I am boring you, young man?" Wato na gundure ka ke nan, yaro? Alhaji bai jin Ingilishi amma yana jin fuska. Ya juyo ya ce, "Kai, mi kac ce mashi?" Na rasa ta cewa. An dai yi cinikin bayan la'asar, amma direban baƙon, wani Bahaushen Agege, shi ya ƙarasa tafintar. Ni aka tura ni ƙirga buhuna.

Abin da ban sani ba ran nan shi ne abin da nake fara koya wa ɗalibaina yanzu. A wurinmu tsufa daraja ce ga magana. In ka ce "mutanen da sun ce" ko "masu iya magana na cewa", ka ɗora wa zancenka rawani. A Ingilishi kuwa kalmar "old", in ta raɓi karin magana, wani lokaci girmamawa ce, wani lokaci kuma nufinta abin ya tsufa ya sha jiki, kamar takalmin da dunduniyarsa ta cinye. Lafazin da ka gabatar da karin magana da shi, shi ke gaya wa mai sauraro ko ka yarda da ita, ko kana shakka, ko dariya kake mata. Saboda haka zaɓen lafazin yana gaba da zaɓen karin maganar.

Wanda ba ya da haɗari ko kaɗan shi ne wanda dattijon ya yi amfani da shi: "as the saying goes". Shi ne "kamar yadda masu iya magana ke cewa", shi ne abin da muka saba ji a lakwal da "comme on dit" ko "comme dit le proverbe". Ba yabo a cikinsa, ba zagi. Kana iya sa shi a gaba: "As the saying goes, prevention is better than cure", rigakafi ya fi magani. Kana iya sa shi a baya: "Prevention is better than cure, as the saying goes." A bakin masu harshen akan ji na bayan cikin hira, don mutum yakan faɗi maganar tukuna, sannan ya nuna ya san ba shi ya ƙago ta ba. Kada ka taɓa ginin lafazin. Ɗalibaina kan rubuta "as the saying go", su yar da harafin ƙarshe, ko "as the saying says", ko "like the saying is going". Duk a bar su. A haddace shi dunƙule kamar yadda aka haddace "salamu alaikum", ba a tsaya ana warware shi ba. In kana son ƙara masa ɗan nauyi ka ce "as the old saying goes". A nan "old" ba ta cizo, don "saying" kalma ce mai sanyin hali.

In a fada ne ana shan shayi, tsakanin sa'o'i, akwai ƙannensa marasa nauyi: "as they say", da "you know what they say". Na biyun yakan zo da ɗan murmushi, kuma sau da yawa ba a ma ƙarasa karin maganar, a bar ka ka cike da kanka. Kada dai ka sa su cikin takardar neman aiki.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, don nan ne amfaninmu yake. Mafi yawan lokaci ba karin maganar Turawa kake son faɗa ba, taka ce ta taso maka. To a nan "as the saying goes" bai dace ba, domin yana nuna cewa maganar sananniya ce ga ku duka biyu. In ka ce wa Ba'amurke "as the saying goes" sannan ka kawo masa zancen gora da tafiya, zai tsaya yana laluben ƙwaƙwalwarsa, yana zaton wata ce tasu da ya manta. Abin da za ka ce shi ne "as we say in Hausa", ko "we have a saying in Hausa", ko kuma "where I come from, we say". Da wannan ka yi sallama, ka gaya masa baƙuwa ce ka kawo, sai ya gyara zama.

Bayan sallama sai ka faɗi hoton yadda yake, a taƙaice, sannan ka bi shi da jimla ɗaya tak mai nuna inda ka dosa. Ga misalin da na ba wata malamar asibiti da ke son gaya wa baƙinsu cewa a tanadi magani tun kafin damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro: "As we say in Hausa, you don't hollow out your gourd on the day of the journey. We need to order now." Ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙon bai taɓa fafe gora ba, watakila bai taɓa riƙe shi ba, amma ya gane, kuma zai tafi da maganar gida. Jimlar ta biyu ita ce wadda mutanenmu ke mantawa da ita, domin mu a Hausa bayyana ma'anar karin magana raini ne ga mai sauraro. A Ingilishi ba raini ba ne, taimako ne. Amma ɗaya ta isa. In ka kai uku kana bayani, ka kashe ta.

Ina da ra'ayi a nan da wasu malamai 'yan'uwana ba su yarda da shi ba. Su suna koya wa yara su nemo wa kowace karin magana tamu takwararta ta Ingilishi: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ya zama "many hands make light work", da babu gara ba daɗi ya zama "half a loaf is better than none", da zafi-zafi akan bugi ƙarfe ya zama "strike while the iron is hot". Sanin waɗannan na da kyau don ka gane in an faɗa maka. Amma in kai ne mai magana, ni na fi son ka kai tamu. Tasu sun ji ta sau dubu, ta daina taɓa su. Hannu ɗaya da jinkar ɗaki kuwa sabon abu ne a kunnensu. Me ya sa za ka je baƙunta da tsarabar abin da ke cike da rumbun mai gida?

Sai dai ba kowace ce ke iya tafiya ba. Wadda daɗinta ke cikin wasa da harshe, ko cikin al'adar da sai ɗan gida ya sani, a bar ta a gida. Wani ɗalibina ya samu aikin da ya daɗe yana nema, sai ya rubuta wa wata Baturiya da suka taɓa aiki tare cewa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, ya fassara shi kalma bayan kalma. Ta amso masa da tambayar ko matar tana lafiya. Haka duk masu "in ji kishiyar wance". Kafin ka gama bayanin kishiya da dalilin da ya sa take magana da habaici, shayi ya huce.

Mu koma kan lafuzzan Turawan. Akwai wanda za ka riƙa gamuwa da shi in kana karanta jaridunsu a waya: "old saw". Ya rikita ɗalibaina ƙwarai, domin "saw" uku ne a Ingilishi. Akwai na gani, wato ya gani. Akwai zarto na kafinta. Akwai kuma wannan na ukun, wanda ke nufin karin magana, kuma ba ruwansa da zarto. Tsohuwar kalma ce 'yar gida ɗaya da "say", wato faɗa, kuma dangin "saga" ce, sunan da mutanen arewacin Turai ke kiran dogayen labaran kakanninsu. Ana furta shi kamar ka ce "soo" ka ja, baki a ɗan buɗe, ba "sawu" ba. Tun wajen 1599 Shakespeare ya sa shi a bakin wani ɗan wasa cikin As You Like It, inda yake kwatanta alƙali mai tumbi da gyararren gemu, cike da "wise saws". Ko a can ma da ɗan zolaya aka faɗa: dattijo ne da ba ya buɗe baki sai da karin magana. A yau da wuya ka ga kalmar ita kaɗai, kusan kullum tana tare da "old".

Yadda ake gina shi: "the old saw that" sai maganar ta biyo, ko "the old saw about" sai abin da maganar ta shafa. Misalin da na ba mai kayan babur: "The old saw that the customer is always right was not made for people who sell on credit." Wato tsohon zancen nan na cewa mai saye kullum shi ke da gaskiya, ba don masu ba da bashi aka yi shi ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a rubuta masa ya manna a shago. Ka lura da abin da ya faru cikin jimlar: an kawo karin maganar ne don a yi mata gardama. Nan ne gidan "old saw". Mai faɗinsa ya ɗan ja da baya daga maganar, kamar yadda mu kan sa "wai" a gaban zance. Yana iya ƙarewa da yarda da ita, ya ce tsohon zancen nan dai gaskiya ne, amma ko a hakan ya nuna maka ya auna ta tukuna. Saboda haka ka yi amfani da shi a rubutu, ko in kana son ka saɓa wa wata magana da kowa ya ɗauka. Kada ka kira maganar da babba ya gama faɗa yanzu-yanzu da "old saw" a gabansa. Bai kai nawa muni ba, amma hanyarsu ɗaya.

Nawa ɗin, "old chestnut", daga baya na bi sawunsa don in san abin da ya kayar da ni. Ita "chestnut" wata 'yar itace ce mai ɓawo ja-ja da ake gasawa a ƙasashen sanyi lokacin hunturu, ana saye a bakin titi kamar yadda muke sayen gyaɗa. Waɗanda suka yi Faransanci sun san ta da "marron". Harafin "t" na tsakiya ba a furta shi, "cesnat" ake cewa. Lafazin ya samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo na William Dimond mai suna The Broken Sword, na 1816. A ciki wani kyaftin ya fara ba da labarin da ya saba bayarwa, ya ambaci wata bishiya, sai abokin zamansa ya katse shi ya ce a'a, bishiyar "chestnut" ce, ai sau ashirin da bakwai ke nan yana jin labarin. Daga nan kalmar ta zama sunan duk wani labari, ko barkwanci, ko hujja da aka maimaita har ta gunduri mutane. To ka ga abin da na gaya wa dattijon Legas: Baba, wannan mun ji ta sau ashirin da bakwai. Da mari ya kai mini ma da bai yi laifi ba.

Yana da wurinsa. Abokinka ya makara, ya ce babur ne ya yi faci, alhali jiya ma haka ya ce, shekaranjiya ma haka. Ka ce masa "that old chestnut" ku yi dariya. Tsakanin abokan wasa ne, irin abin da Bakatsine zai gaya wa Bagobiri a wuce wurin. Ba ya hawa sama, ba a kai shi ga suruki, ko malami, ko mai sayen kayanka.

In kuwa girmamawa kake nufi da gaske, wadda ni na so yi ran nan, kalmar ita ce "adage": "as the old adage has it", ko "there is truth in the old adage". Mu da muka bi ta Faransanci mun san ta, rubutun ɗaya ne, sai dai a Ingilishi "adij" ake furtawa, nauyin a farko. Kalma ce ta malamai tun asali. Erasmus, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya buga tarin karin maganar Girkawa da Rumawa a Paris a 1500 da wannan suna, guda ɗari takwas da 'yan kai, ya yi ta ƙari har suka haura dubu huɗu kafin rasuwarsa a 1536. Har yau kalmar na ɗauke da ƙanshin littafi. Ta dace da jawabi, da rubutun jarrabawar bak, da wasiƙa zuwa ga babba. A fada kuwa in ka faɗe ta za a ce Mushe ya fara. Ran nan da na ce wa dattijon "There is truth in that old adage, sir", sannan na juya na fassara wa Alhaji, da ban ƙirga buhu ko ɗaya ba.

Saura wata dabara da ba mu da irinta sak a Hausa, kuma ita ce ke nuna mutum ya fara nuna a harshen: kalmar "proverbial". Maimakon ka kawo karin magana dukanta, sai ka ciro abu ɗaya daga cikinta ka sa masa "the proverbial" a gaba. Turawa na da zancen tsinken ciyawa ɗaya da ya karya bayan raƙumi, wato ƙaramin abu na ƙarshe da ya sa haƙuri ya ƙare bayan an daɗe ana lodi. Sai mutum ya ce: "The new tax was the proverbial last straw." Sabon harajin shi ne tsinken nan da aka sani. Kamar dai ka ce "ya zama zomon nan na rataya", ka bar mai ji ya tuna sauran. Sharaɗinsa ɗaya: dole mai sauraro ya san karin maganar. Ba za ka ce "the proverbial gourd" ga wanda bai taɓa jin zancen fafe gora ba, sai fa in ka riga ka gaya masa ɗazu. In ka yi hakan kuwa, ka burge. Ka kuma sani cewa Ingilawa kan sa "the proverbial" ita kaɗai a gurbin kalmar da ba ta faɗuwa a gaban mutane. In ka ji an faɗe ta ba abin da ya biyo baya, ana ƙunshe dariya, kada ka tambaya wace karin magana ake nufi.

Hattara kuma da hoton da ya yi kama da namu amma manufa ta bambanta. Suna da allura cikin tarin ciyawa, "a needle in a haystack", mu muna da allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Tasu cewa take abin ba zai samu ba, kada ka wahalar da kanka. Tamu cewa take samu na Allah ne, wani zai dace. Ɗaya na sanyaya gwiwa, ɗaya na ba da fata. Wanda ya musanya su ya faɗi akasin abin da ke ransa.

Wani abin da muka yi tarayya da su shi ne yanke karin magana biyu. Mu kan ce "komai nisan jifa" mu yi shiru, ko "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", kowa ya san saura. Su ma haka. "When in Rome" kawai za ka ji, sauran shi ne ka yi yadda Rumawa ke yi. Mu ma mun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka. "Birds of a feather", tsuntsaye masu gashi iri ɗaya, sauran shi ne tare suke tashi, kusan abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma kamar tamu, ba yabo ba ne galibi. In ka yanke haka ba ka buƙatar wani lafazin gabatarwa. Yankewar ita ce shaidar cewa maganar tsohuwa ce. Ɗalibi yakan ji tsoro ya ƙarasa ta duka don a san ya haddace. Ƙarasawar ce ke tona cewa daga littafi ya ɗauko.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan na hana ɗalibaina faɗa, ko da yake ina koya musu don su gane ta. Ana cikin zancen mutum sai ga shi ya shigo: mu mu ce ɗan halak ka ƙi ambato, mun yabe shi, mun yabi iyayensa. Su sai su ce "speak of the devil", ambaci shaiɗan ka gan shi. A wurinsu wasa ne, ba wanda ke jin haushi. Amma ka kwatanta ka faɗe ta a Maradi, wani ya fassara wa Alhaji cewa yaron nan ya kira ka shaiɗan. In Bature ya faɗa maka, yi dariya, ba zagi ba ne. In kai ne, kai masa tamu: "As we say in Hausa, the well-born man appears when you mention his name." Ban taɓa ganin baƙon da bai ji daɗinta ba.

Game da yawa kuma: 'yan'uwanmu na Najeriya da Gana suna zuba karin magana cikin Ingilishinsu kamar yadda muke yi a Hausa, kuma da su kana iya sakin jiki. Amma in da Bature kake, ko wasiƙar aiki kake rubutawa, ɗaya ta isa a zama guda. Ina gyara takardun 'yan lise, sai in tarar da yaro ya buɗe da "as the saying goes", ya sake a tsakiya, ya rufe da shi. Nakan ja jan bik a kan biyu in bar masa ɗaya, in rubuta a gefe da Hausa: gishiri ne.

Ga yadda muke yin atisaye a zaure, kuma kana iya yi kai kaɗai. Ɗauki karin magana ɗaya ta Ingilishi da ka sani sarai, ka ce "time is money", lokaci kuɗi ne. Faɗe ta da ƙarfi sau huɗu, kowane karo da lafazi daban: da "as the saying goes" kamar kana gaya wa direba ya yi sauri; da "the old adage" kamar kana jawabi gaban manya; da "the old saw that" sannan ka kawo "but" ka yi mata gardama; da "that old chestnut" kamar abokinka ne ya faɗa don ya guje wa zaman gaisuwa. Ka saurari yadda muryarka ke sauyawa da kanta. Sannan ka buɗe shafi a kayenka, duk lokacin da ka ci karo da ɗaya daga cikin lafuzzan nan a rediyo ko a waya, ka rubuta jimlar dukanta, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa. Wannan na ƙarshen shi ne ƙamus ɗina bai gaya mini ba.

Makon jiya mai kayan babur ya zo da wuri, kafin in shimfiɗa tabarmi, ya miƙo mini wayarsa. Wani mai kawo masa kaya daga Kano, Inyamuri, yana ta matsa masa a WhatsApp ya biya kuɗi kafin kaya su haye iyaka ta Ɗan Isa, har ya rubuto masa "time is money". Ya ce, "Mushe, duba abin da na mayar mashi, ko na yi ɓarna." Na karanta: "That is true, my brother. But as we say in Hausa, seeing drives away hearing. Let me see the goods first." Gani ya kori ji. A ƙasa mutumin ya turo hoton dariya uku, da lambar motar da aka sa kayan a ciki.